Ranar Da Ƙofa Ta Buɗe Wa Yanzu-Yanzu

A layinsu babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka sa masa. Yanzu-Yanzu kowa ke ce masa, yaro da babba, har da matarsa idan ranta ya ɓaci. Tun yana masinja a wani ofis ya samo sunan, don duk aikin da aka ambata a gabansa, ko gyaran fanka ne ko haƙar rijiya, sai ya daki ƙirji ya ce, "Wannan ɗan abin? Yanzu-yanzu!" Fankar ofishin dai har ya yi ritaya ba ta sake juyawa ba.

Da ya dawo zaman gida sai hannu ya riƙa yi masa ƙaiƙayi. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka yi ƙaura zuwa gidan maƙwabta. Ya taɓa gyaran rediyo, rediyon gidan ya koma tsaki kawai. Ana cikin haka 'yarsa da ke aure a wani gari ta aiko masa da babbar waya, don su riƙa gaisawa suna ganin juna. A cikin wayar nan ya ci karo da wani mutum yana buɗe kwaɗo ba tare da makulli ba, da wasu 'yan ƙarafa biyu sirara kamar tsinken sakace. Ya kalla, ya sake kallo, ya ajiye wayar ya ce, "Au, dama abin ke nan?"

Washegari laimar gidan ta wayi gari babu haƙarƙari. Ya datse ƙarafanta da filaya, ya lanƙwasa bakinsu, ya goge su da magagari, sannan ya ɗauko wani kwaɗo da ya gada tare da akwatin kakansa. Kwaɗon nan tsufa ya cinye cikinsa, ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya wangale baki. Yanzu-Yanzu ya zura ƙarfe ya murɗa, kwaɗo ya ce ƙaras. Ya kulle ya sake gwadawa, ya buɗe. Ya rufe ido, ya buɗe. Ya mai da hannu baya, ya buɗe.

"Maman yara! Fito ki ga baiwa!"

Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu. "Malam, kafin in ga baiwa, ina ƙananan cokulana? Kuma wa ya fige mini laima kamar kaza?"

"Cokulanki suna bakin aiki. Ke dai kalli nan." Ƙaras. "Kin gani? Wasu sai sun yi furfura suna koyon wannan. Ni daga zaune na shanye shi."

"Wannan kwaɗon ai ko ni na taɓa buɗe shi da tsintsiya, ina shara."

"To, kin ga zama da maɗaukin kanwa ke nan. Har ya fara shafarki."

Da abin ya tsaya a tsakar gida da babu labari. Amma Yanzu-Yanzu ya kwanta ya hasko ƙofofin garin a ransa, ya tuna kowace ƙofa tana da makulli, kowane makulli kuma yana da ranar ɓata. Ya ga arziki tafe a guje yana neman inda zai zube. Da safe ya ɗauki teburin guga na gidan, ya kai shi ƙarƙashin rumfar Tela, ya jera ƙarafansa a kai kamar kayan tiyata.

Tela taubashinsa ne, shagonsa yana kallon gidan. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ya ɗago kai daga keken ɗinki ya ce, "Yau kuma me za a kashe? Kajin sun ƙare?"

"Ka iya bakinka. Daga yau duk wanda ƙofa ta yi wa gardama a garin nan, ni ne maganinta. Ba a haifi kwaɗon da zai gagare ni ba."

"Kwaɗon ƙofa ko na ruwa? Don na ruwan ma sai ya tsere maka."

"Ɗinka mini rigar aiki mai aljihu da yawa, ka bar surutu. Gobe in na yi mota, a baya zan ɗauke ka, tare da kaya."

Tela ya haɗa masa rigar da ragowar ƙyallaye, aljihu har a kafaɗa. Yanzu-Yanzu ya saka, ya maƙala tabarau a karan hanci, ya harɗe yana jiran duniya.

Wadda ta fara kawo kanta Goggo ce, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai ƙarfin murya. Ta sa an ɗauko mata akwatinta na ƙarfe, inda take ajiye zannuwan fita da man shafawa na ciwon gwiwa, ta ce makullin ya yi ɓatan dabo tun jiya.

"Goggo, zauna ki huta. Kafin ki gama gyara zama an gama."

Goggo ta gyara zama. Ta sake gyarawa. Ta yi gyangyaɗi ta farka. Ƙarfen farko ya karye a cikin kwaɗon. Ya zura na biyu don ya ciro na farko, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ya aika wutsiyar cokali ta je ta sasanta su, ita ma ta ƙi dawowa. Gumi ya jiƙa har aljihun kafaɗa.

"Wannan kwaɗon na ƙasar waje ne," in ji shi. "Su a hagunce suke ƙera cikinsa."

Goggo ta miƙe za ta karkaɗe zani, sai ta ji wani abu ya buge ta a gwiwa. Ta kwance ƙullin da ke haɓar zanin, sai ga makulli. "La! Ashe a nan na ɗaure shi. Ungo, ɗana, ka huta."

Sai dai makulli ya dawo gida ya tarar baƙi sun cika ɗaki. Ko bakinsa bai shiga ba. Ƙarshe sai da aka kira Mai Walda na bakin titi, ya zo da injin yanka ƙarfe ya datse kwaɗon, tartsatsi na tashi, Goggo na salati tana cewa a yi hankali da zannuwanta.

"Na riga na sassauta masa shi," Yanzu-Yanzu ya gaya wa waɗanda suka taru. "Shi ya sa kuka ga ya yanku da wuri."

Ba a jima ba ya leƙa shagon Mai Aski, ya lura makullin ƙofar yana ɗan cijewa. Mai Aski ya rantse masa lafiyar makullin lau, ɗaga ƙofar kawai ake yi kaɗan. Yanzu-Yanzu ya ce ai ciwo tun yana ƙarami ake kashe shi. Ya kwance makullin, ya zazzage cikinsa a kan jarida, ya mayar, wasu 'yan ƙananan ƙarafa suka yi saura. Ya ce waɗannan dama ƙari ne, masu ƙerawa ke sakawa don tsorata marasa ilimi. Ya fita waje ya ja ƙofar da ƙarfi don gwaji.

Ƙofa ta rufu ruf. Igiyar wutar injin aski ta ƙarƙashinta take bi, ƙofar ta datse ta gida biyu. A ciki ga Mai Aski da mataccen inji a hannu, ga wani magidanci da aka aske wa rabin kai, wanda ake jira a wurin ganawar neman aiki.

"Baba, buɗe mana!" magidancin ya ƙwala ta taga.

"Yanzu-yanzu!"

"Ka dai ji kalmar," in ji Tela daga rumfarsa. "Bawan Allah, nemi tabarma ka kwanta."

Ta taga aka zaro mutumin, kai rabi daji rabi fili, Tela ya ara masa hula ya ruga. Mai Aski kuwa da yake yana da tumbi, sai da Mai Walda ya zo. Daga ranar, kullum da safe Mai Walda sai ya biyo ta rumfar da injinsa a kafaɗa, ya rusuna ya gaida Yanzu-Yanzu. "Ranka ya daɗe, yau ina muka nufa?"

Labari ya zaga. Idan Yanzu-Yanzu ya biyo layi, masu shaguna sai su tsaya a gaban ƙofofinsu su baza riga, kamar kaza ta hango shaho. Wata maƙwabciya da ta ɓatar da makullin ɗakinta, gwammacewa ta yi ta riƙa shiga ta taga da a ji labari ya kai kunnensa.

"Malam," matarsa ta ce masa wata rana, "don Allah ka dawo mini da teburin gugana. Kunya ta hana ni fita ko sayen gishiri."

"Hassada ce, Maman yara. Duk mai baiwa sai ya sha ta. Aikin da ya kai girmana ne bai zo ba tukuna."

Aikin kuwa yana tafe.

A ƙarshen layin akwai wani gida mai koriyar ƙofa da aka ba sabon ɗan haya. An ga ranar da mota ta sauke kaya, amma babu wanda zai rantse ya ga fuskar mai gidan. Labule kullum a sake, ba a ganin fita ba a ganin shiga. Wata rana da hantsi sai ga motar kaya mai rufaffen baya ta tsaya a bakin layi. Wani mutum ya sauko cikin farar riga da ta sha guga, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa rumfar. Ya yi sallama, ya gaida kowa da hannu biyu.

"Don Allah, ko a nan zan samu gwanin makullin da ake labari?"

Tela ya nuna bakin titi da almakashi. "Mai Walda kake nema. Ka miƙe nan, za ka ji ƙara."

"A'a. An ce mini dattijo ne mai tabarau, wanda hannunsa ba ya taɓa ƙofa ta ƙi."

Yanzu-Yanzu ya miƙe a hankali, ya gyara zaman rigarsa, ya dubi Tela ta saman tabarau. "Ka ji da kunnenka ko? Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum."

Baƙon ya ce shi ne sabon maƙwabcinsu na gida mai koriyar ƙofa, aiki ne ya hana shi zuwa gaisuwa, a yafe masa. Ga shi kuma an yi masa canjin wurin aiki ba shiri, dole ya kwashe kayansa yau, makullin gidan kuma ya faɗi a hanya.

Yanzu-Yanzu bai tafi shi kaɗai ba. Tsakiyar layi ya tsaya ya ɗaga murya. "Duk wanda ya taɓa yi mini dariya ya fito! Yau za a raba gardama!"

Aka fito kuwa, ƙwai da kwarkwata. Mai Aski ya bar shago, Goggo ta dogaro sanda, matarsa ta yafa gyale tana addu'ar Allah ya rufa asiri. Mai Walda ya biyo bayan ayari da injinsa, yana murmushi.

Yanzu-Yanzu ya durƙusa gaban koriyar ƙofa, ya hura ƙarafansa, ya zura, ya murɗa. Wani abu ya ce ƙat a ciki. Baƙon ya ɗan yamutsa fuska. Yanzu-Yanzu ya tura ƙofa, ƙofa ta tsaya kamar dutse. Ya sake zurawa, ya sakace ta dama, ya sakace ta hagu, ya kara kunne, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Rana ta hau. Aka fara ƙus-ƙus. Da ya waiga ya hango Mai Walda ya fara warware igiyar injinsa, sai ya ga gara ya sayi lokaci. Ya miƙe, ya juya wa ƙofa baya, ya fuskanci jama'a.

"Abin da ba ku sani ba shi ne, makulli kamar jaki yake. Ba a yi masa dole. Yanzu na gaishe shi, na bar shi ya yi tunani."

"Baba, kawo in riƙe maka ƙarafan kada su faɗo," in ji baƙon. Ya matsa ya tsaya jikin ƙofar, faffaɗar rigarsa ta rufe wurin makullin.

Yanzu-Yanzu ya ci gaba da karatu. Ya yi bayanin makulli mai taurin kai da mai kunya, da wanda ke buɗewa in ya ji muryar manya. Da numfashi ya ƙare masa ya juyo, ya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙarfen.

Ƙofa ta yi ƙiii, ta buɗe har bango.

Shi kansa Yanzu-Yanzu sai da ya dubi yatsan nasa. Mai Walda ya naɗe igiyarsa jiki a sanyaye. Matarsa ta dafe ƙirji. Tela ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Tela, ban ji ka ba. Ko zare ya shaƙe ka?"

"Na gani," in ji Tela. "Makaho ma yakan tsinci allura, in ta soke shi."

"Faɗi dai ka ƙara. Kuma tunda kun ƙi zuwa yi wa maƙwabci sannu da zuwa, ai sai ku taya shi kwashe kaya. Ko kunyar ma babu?"

Kunya kuwa ta kama mutane, kowa ya zage. Tela ya rungumo talabijin. Mai Aski ya ɗora katifa a ka. Mai Walda ya hau kujera ya kwance fankar sama, tunda da kayan aikinsa ya zo. Matar Yanzu-Yanzu ta koma gida ta kawo wa baƙo ruwan sanyi, ta kuma ninke masa labule da kyau don kada su yamutse. Maza huɗu suka ciccibi firji. Shi kuwa gwani yana tsaye a bakin ƙofa yana nuna hanya da ƙarfensa.

Tela ya dawo da buhun takalma ya tsaya. "Maƙwabci, takalman nan duk na mata ne."

"Na iyali ne. Ni nawa suna ƙafata."

"Fararen rigunan nan fa, masu yawa haka?"

"Tana son fari."

"Kai Tela, kaya aka ce ka ɗauka ko tambaya?" in ji Yanzu-Yanzu. "Ka bar bawan Allah da sirrin gidansa."

Da aka gama lodi, baƙon ya cusa masa wani abu a aljihun kafaɗa ya yi ta godiya. Yanzu-Yanzu ya ce ai shi ma ba zai bar maƙwabci ya tafi hannu rabbana ba. Ya zaro wani sabon kwaɗo da ya kwance ya ƙara wa ƙarfi da hannunsa, ya maƙala a ƙofar bayan motar, ya danna, ya miƙa makullin. "Hanya ba ta da amana, ɗana. Ɓarayi sun yi yawa."

"Wallahi kuwa, Baba," in ji baƙon. Mota ta tashi, layi duka na ɗaga mata hannu.

Ranar Yanzu-Yanzu ya ci sarauta a rumfar Tela. Duk wanda ya wuce sai ya ji labarin, kuma kowane zagaye ƙofar sai ta ƙara saurin buɗewa. Kafin la'asar ta kai ga kallonta kawai ya yi ta buɗe.

Rana ta yi sanyi, sai ga wata mata ta sauka daga tasi, cikin fararen kayan malaman asibiti, jaka a kafaɗa, tana jan ƙafa don gajiya. Ta wuce rumfar ta nufi ƙarshen layi. Jim kaɗan aka ji ihu. Ta dawo a guje, takalmi ɗaya a hannu.

"Jama'a! Wa ya buɗe mini gida?"

Yanzu-Yanzu ya miƙe da fara'a, ya dafa ƙirji. "Ni ne nan, 'yata. In akwai wata ƙofar ma, kawo. Maigidanki bai gaya miki ba?"

"Wane maigida? Ni kaɗai nake zaune a gidan! Tun jiya ina asibiti ina aiki!"

Ta cafki rigar aikinsa ta aljihu biyu. Ya waiga neman shaidu, sai ya ga layi ya koma kamar an yi shara. Mai Aski ya shige shago. Tela ya duƙufa a kan keke yana ɗinki da allurar da babu zare.

Gudun bai yi musu rana ba, don 'yan sanda da suka zo gaba ɗaya suka tattara su zuwa caji ofis. Sajan ɗin da ke kan kanta, wani mai kaurin gashin baki, ya saurari malamar asibiti har ta gama, sannan ya dubi taron.

"Wa ya loda kayan a mota?"

Kowa ya ɗaga kai yana nazarin silin.

"Yallaɓai," in ji Tela, "ni talabijin ɗin taɓa shi kawai na yi, sai ya bi ni har mota."

"To wa ya buɗe ƙofar?"

"Ni!" in ji Yanzu-Yanzu.

Matarsa ta mintsine shi ta shiga gabansa. "Ranka ya daɗe, kada ka biye masa. Mijina ne, na fi kowa saninsa. Ko gwangwanin madara ni ke buɗe masa."

"Gaskiya ta faɗa, Yallaɓai," in ji Tela. "Taubashina ne. In ka ba shi buɗaɗɗiyar ƙofa, bango zai maido maka."

Goggo ta buga sanda a ƙasa ta ba da labarin akwatinta, muryarta har titi. Mai Aski ya ba da nasa. Mai Walda ya ce shi dai tsakaninsa da dattijon nan sai godiya, don tunda dattijon ya fara sana'a shi yaransa ba su kwana da yunwa ba. Duk wanda ya yi magana, Yanzu-Yanzu sai ya ƙara kumbura.

"Hassada ce, Yallaɓai! A gaban idonsu na buɗe ta, da yatsa ɗaya!"

Sajan ya ajiye biro. "Malam, ka san abin da bakinka ke faɗa? In kai ka buɗe, kai ne abokin ɓarawo."

"Ɓarawo ban san shi ba. Amma ƙofa, ni na buɗe."

Sajan ya murza gashin baki, ya nuna wata ƙofar ƙarfe a bayansa mai ƙaton kwaɗo. "Ga ɗakin da muke sauke baƙinmu. Babu kowa a ciki, a kulle yake. Buɗe. In ka buɗe, ka shige da ƙafarka ka rage mini aiki. In ka kasa, ka tafi gida."

Matarsa ta riƙo hannunsa. "Malam, don girman Allah ka kasa. Yau kaɗai na taɓa roƙonka abin da ka iya."

Yanzu-Yanzu ya leƙa ɗakin ta tsakanin ƙarafa. Duhu, sauro, da wani bokiti a lungu da bai so ya san aikinsa ba. Sannan ya waiga ya ga fuskar Tela, baki ya riga ya fara lanƙwasa. Ya zare hannunsa, ya durƙusa gaban kwaɗon.

Bai taɓa aiki da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Ya cije leɓe, ya murɗa, ya lallasa, ya yi barazana. Matarsa na bayansa tana addu'ar kada Allah ya ba shi sa'a, jama'a na amsawa da amin. Can aka ji ɗas. Ya zaro rabin ƙarfe ya duba, ya laluba aljihu zai ɗauko wani.

"Ya isa!" in ji Sajan. "Tashi. Na gamsu."

"Yallaɓai, saura ƙiris."

"Na ce tashi!"

Bai gama karkaɗe gwiwa ba sai ga wani Kofur ya turo mutum gaba, farar riga ta koma ruwan ƙasa, turare ya gudu ya bar gumi. Kofur ya ƙame ya ce a bayan gari suka same shi, yana dukan kwaɗon motar kaya da dutse. Makullin yana hannunsa, amma in an zura sai ya yi ta juyawa kamar fanka. Direban motar, da yake hayarsa aka yi, ya ce ba mai fasa masa ƙofa, rigima ta tara mutane, su kuma suka zo wucewa. Kaya suna nan cikin mota ko cokali bai fita ba.

Malamar asibiti ta zauna a benci ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

"Abin nema ya samu," in ji Tela, "matar ɗan sanda ta haifi..." Sajan ya harare shi, ya haɗiye sauran.

Yanzu-Yanzu ya matsa gaban ɓarawon. "Kai, ka ji tsoron Allah ko sau ɗaya a rayuwarka. Gaya musu wa ya buɗe ƙofar nan."

Ɓarawon ya dube shi da jajayen idanu. "Baba, tun da sassafe na buɗe ƙofar, na ja ta na bar ta a saye. Kai na ɗauko ne kawai don maƙwabta su ga an kira mai gyara, kada a zarge ni. Turawa kaɗai ya rage maka. Kana zura ƙarfenka ka kulle ta. Sai da na sake buɗewa kana can kana wa'azin jaki." Ya girgiza kai. "Na daɗe a sana'ar nan, ban taɓa ganin hannu irin naka ba."

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a titi sai da suka leƙo. Tela ya riƙe ciki ya zame jikin bango. Goggo ta ce a maimaita mata, ba ta ji wurin jakin ba.

Sajan ya share hawaye, ya ciro makulli daga ɗamararsa don ya sauke sabon baƙo a masauki. Ya kai makulli bakin kwaɗo, makulli ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya duƙa ya leƙa ramin, ya ga guntun haƙarƙarin laima yana leƙensa. Ya miƙe a hankali, gashin bakinsa na motsi.

Daga bayan taro Mai Walda ya yi gyaran murya.

"Ku fitar mini da dattijon nan," in ji Sajan. "Kofur, riƙe masa ƙofa. Kada ka bari ya taɓa komai a hanyar fita."

Sai da Mai Walda ya yanka kwaɗon 'yan sanda, ya yanka na mota, sannan ayari ya kamo hanyar gida. Waɗanda suka fitar da kaya su suka mayar, kowa da abin da ya ɗauka, malamar asibiti tana tsaye tana nuna wa kowa mazauninsa. Kafin a mayar da fanka, Yanzu-Yanzu ya farfaɗo.

"Ku kuna tsammanin ban gane shi ba? Tun daga turaren na san ɓarawo ne. Da gangan na kulle ƙofar don in ja masa lokaci. Kwaɗon mota kuwa tarko ne. Wa ya kama shi in ba ni ba?"

"Na caji ofis fa?" in ji Tela. "Shi ma tarkon Sajan ne?"

"Wannan gwaji na yi musu. Tsaronsu da kyau."

Suka iso ƙofar gidansa rana na shirin faɗuwa. Matarsa ta laluba jaka, ta laluba gefen zani, ta tsaya cak. Garin saurin bin mijinta ɗazu ta danna kwaɗo ta bar makulli a kan tabarma a tsakar gida.

Yanzu-Yanzu ya yi murmushi, hannunsa ya nufi aljihu.

"A'a!" Layi duka ya amsa da murya ɗaya.

Matarsa ta kama hannun, ta ja shi zuwa dakali ta zaunar. "Malam, aikin yau ya ishe ka. Ka kulle wa ɓarawo, ka kulle wa hukuma. Gidana ka bar mini shi. Goggo, zo ki riƙe mini ɗanki."

Goggo ta zauna a kan haɓar rigarsa, ta gicciya sanda a cinyarsa. Mai Walda ya sauke inji daga kafaɗa ya ja igiya zuwa shagon Tela.

"Ba nan za ka yanka ba," Yanzu-Yanzu ya ce daga inda yake zaune, yana nuni da haɓa. "Ɗan yi sama. Ka karkata hannu. Kai, wa ya koya maka aiki ne? Abin da ake fara yi shi ne..."

Mai Walda ya kunna inji, ƙara ta haɗiye sauran bayanin.